Hannun da Ya Saba da Wutsiya

Idan ka haɗu da Gariba a ƙafa, ba abin da zai sa ka waiwaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya da 'yan shekaru, kuma yana tafiya kamar mai neman inda zai zauna. Amma a ɗaura wa mota tirela, a miƙa masa makulli, a ce ya shigar da ita da baya ta ƙofar da da ƙyar ta fi ta faɗi, nan ne za ka ga mutane sun ajiye kofin shayi suna kallo.

A Sabon Zongo na Kumasi aka haife shi. A tashar jiragen ruwa ta Tema ya koyi tuƙi, a hannun wani dattijo da ake kira Masta Ɗalhatu, sannan ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan doguwar tirela tsakanin Tema da Wagadugu, a tafi da shinkafa, a dawo da albasa. Mota ita kaɗai, in kana ribas kana son bayanta ya yi hagu, hagu za ka murɗa sitiyari. Mai tirela kuwa akasin haka take, kuma wannan juyin ne ke rikita sababbin direbobi. Masta Ɗalhatu yana da maganinsa. “Tirela wutsiya ce,” in ji shi. “Sauke hannunka ƙasan sitiyari. Inda kake son wutsiya ta je, can za ka tura hannun. Kuma kada ka tsaya tunani, tunani ne ke kayar da mota.” Gariba ya daina tunani, hannun ya koya, ya kuma riƙe.

Tankar ruwa ce ta kawo shi Doha. Wata ranar Alhamis, a wani gidan mai da ke kan hanyar Silayin, ya tarar da wani Balarabe cikin farar jallabiya yana ta gumi. Karafan ɗin da yake ja, irin tirelar nan ta kwana, ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar ƙofar motarsa, motoci sun yi layi a baya ana ta danna masa hon. Gariba ya sauko daga tankarsa. Larabcinsa a lokacin bai wuce sallama ba, sai ya nuna ƙirjinsa, ya nuna sitiyari. Mutumin ya fito ya ba shi wuri. Sau ɗaya ya ja gaba, sau ɗaya ya yi baya, karafan ta miƙe ta shige inda ake so. Balaraben nan, Abu Nawaf, ya karɓi lambarsa, kafin wata biyu ya zama kafil ɗinsa, wato ubangidan da ke ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Yau shekara goma sha bakwai ke nan.

Gidan yana Nu'aija. Ɗakin Gariba na jikin get, gado ɗaya, kujera ɗaya, kuma ranar wasa yakan jiyo ihun 'yan kallo daga filin ƙwallon unguwar ba tare da ya taɓa shiga ba. Baba yake kiran maigidan, Mama yake kiran uwargidan, kamar sauran ma'aikata.

Karafan, ga wanda bai taɓa gani ba, dogon ɗaki ne mai tayoyi. Akwai gadaje, da banɗaki, da wurin girki, amma babu inji, sai an ja shi. Da sanyi ya shigo, wajajen Nuwamba, Gariba zai ja ta zuwa bakin teku a Silayin, tafiyar awa guda da 'yan mintuna, ya daidaita ta ƙofarta na kallon ruwa. Daga nan sai ƙarar da ya fi so a duniya bayan kiran salla: a murɗa ƙafar ƙarfe ta dafa ƙasa, a zare sarƙa, a ɗaga marufin ƙugiya, ƙwas! Motar ta ɗan ɗago bayanta kamar jakin da aka sauke wa kaya. Gida ya tsaya a inda yake har ƙarshen sanyi, mota kuma ta zama mota.

Duk Alhamis da la'asar ya kawo Baba da Mama, duk Asabar ya mayar da su. Ranar Juma'a da hantsi Mama za ta miƙo masa takarda ta taga: burodi mai zafi, tukunyar gas, ƙanƙara buhu biyu, maganin hawan jininta, da wani abu guda da ba a samunsa sai a tsohuwar kasuwa da ke kusa da Corniche, titin bakin tekun Doha, yau turaren wuta, gobe busasshen lemon tsami. Ba a taɓa rasa wannan abu guda ba. Baba kuwa ba ya ɗago kai daga kofin gahawa, sai dai ya ce, “Kada ƙanƙara ta narke.”

Ba wanda ya taɓa ambatar sunan Basiratu a wannan aike, amma kowa ya san aiken na waye.

Basiratu matarsa ce, 'yar unguwar Aboabo, uwar 'yarsu ɗaya Nusrat, wadda ke gida Kumasi wajen kakarta. Shekara shida da suka wuce ta biyo shi, ta samu aikin shara da goge-goge a wata makarantar 'yan mata. Kamfaninsu ya ajiye su a gidan mata a Mu'aither, su huɗu a ɗaki, namiji ba ya wuce bakin get ko da mijin mace ne. Ɗakinsa na Nu'aija shi ma ba a kawo baƙuwa. Hutunta Juma'a ne, nasa Litinin. Da zafi kuwa Juma'arsa ta gidan ce, kai wannan ziyara, ɗauko wancan. Saboda haka aurensu, in ka cire waya, yana zaune ne a cikin Juma'o'in sanyi, kamar ashirin a shekara. Ya yi salla a masallacin Mu'aither inda 'yan Zongo ke haɗuwa, ya ɗauke ta, su tafi Corniche, su zauna a benci ɗaya suna kallon jiragen katako da aka ɗaure a bakin ruwa. Ta buɗe kula, wake da shinkafa da soyayyen yajin shito, irin wanda ba a samun ɗanɗanonsa a kanti. Ƙarfe uku ya tashi, ya sayi ƙanƙara a ƙarshe, ya kama hanya.

Bana ne abin ya canza.

Gwiwoyin Baba sun gaji, kuma harkokin gidan sun koma hannun babban ɗansa, Nawaf, mutum mai kirki amma mai sauri, wanda ba ya gama jin magana kafin ya amsa. Wata safiya a ƙarshen Oktoba Gariba na wanke mota sai ya ji wani irin hon mai kauri a waje. Ya buɗe get, ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa. Farar mota ce kamar bas, tana da tagogi da labule, Nawaf na zaune a can sama yana dariya.

“Yalla, Gariba, zo ka ga sabuwar amaryarka! Motahom ake ce mata. Gida da mota a jiki ɗaya. Khalas, ba ja, ba ɗauri, ba wahala.”

Ya zagaya da shi ciki. Ga firiji mai yin ƙanƙara da kansa. Ga tankin ruwa, ga gas da zai yi wata guda, ga matakala da ke fitowa da kanta saboda gwiwar Baba. Ga talabijin ƙarami a gaban direba mai nuna abin da ke baya. Ba za a sake kafa zango wuri ɗaya ba, in ji Nawaf. Wannan mako arewa, wancan mako kudu, duk inda Baba ya ga dama. Karafan za a sayar da ita, tsohuwar motar jan ta kuma ta huta a gareji.

“To aike fa?” in ji Gariba. “Na Juma'a.”

“Aiken me? Komai na ciki. Ka huta, ya Gariba, ka tsufa kana ja. Yanzu zama kawai za ka yi.”

Gariba ya ce ya gode. Ya leƙa bayan motar, ya duba ƙasa inda ƙugiya ya kamata ta kasance. Ba abin da za a kwance.

Tuƙa ta ba wuya. Tana tafiya kamar gado, kujerar direba ta fi katifarsa laushi. Baba na gefensa da carbi, suna jin rediyo, Mama da mai aikinta suna bayan labule. Abin da Gariba ya lura da shi tun ranar farko shi ne madubi. Ya leƙa na gefe, sai ya ga doguwar farar katanga tana bin sa, irin wadda ya saba gani shekara ashirin da takwas, kuma da ya sa ribas sai ya ji hannunsa na zamewa yana neman ƙasan sitiyari. A ƙaramar mota bai taɓa yin haka ba, don babu katanga a madubi. Nan kuwa ido yana ganin wutsiya, alhali babu wutsiya, jiki ɗaya ne. Sai ya riƙa kama hannun yana mayar da shi sama, yana raɗa masa, “Mota ce, mota ce.”

Juma'ar farko, a wani bakin teku can arewa, da lokacin salla ya yi sai aka gane cewa in maza za su masallaci, gidan ne zai je masallaci. A naɗe rumfa, a kaɗe darduma, a tattara kofuna, a ɗaure tukunya. Mama ta zauna awa guda a filin ajiye motoci tana fifita da murfin kwali, muryarta na fitowa ta bayan labule. “Da ina zaune a gidana maza su tafi su dawo. Yanzu an mayar da ni kayan mota.” Baba ya yi kamar bai ji ba. Bayan salla aka koma, aka sake shimfiɗa komai, Gariba ya zauna a inuwar taya yana kallon ruwa. Ƙarfe ɗaya wayarsa ta yi ƙara.

“Maigida, kana ina? Na zuba abinci.”

“Mman Nusrat, yau dai ba dama. Wannan abin ba a kwance shi.”

“Ba a kwance me?”

Ya yi mata bayani. Ta ce, “Wato kunkuru suka saya. Yoo. Zan ba 'yan ɗakinmu.”

Juma'a ta biyu ta ba 'yan ɗakinsu. Ta uku ba ta dafa ba. Ta huɗu ta ce masa ya buɗe baki ya yi magana, ai Baba mutum ne, ba bango ba ne. Gariba ya ce zai yi. Amma me zai ce? Abu ne da ba a taɓa ba shi da baki ba. Da takardar aike aka ba shi, da buhun ƙanƙara. In ya ambata, ya zama direban da ke ɗaukar matarsa a motar gida yana yawon bakin teku, kuma a kunnen Nawaf maganar za ta ƙare. Sau ɗaya ya gwada, suna kan hanyar dawowa. Ya shirya kalmomin tun daga nesa, ya gyara murya, ya ce, “Baba.” Da ya waiwaya, dattijon ya yi barci, carbi ya zame kan cinyarsa.

Juma'a ta biyar ba ta kira ba. Sai ranar Asabar da azahar, ana haɗa kaya za a taso, ta kira daga wurin aiki, yana jin ƙarar bokiti a bayanta.

“Shugabarmu ta kawo takardar sabunta kwantiragi. Ta ce ranar Lahadi ta sama take son amsa, ko in sa hannu ko su yanka min tikiti.”

“Ai sai ki sa.”

“In sa don me, Maigida? Ka faɗa min. Bayana ciwo yake paa, maganin wanke banɗaki ya cinye min hannu. Nusrat ta fara zama budurwa, a waya nake ganin tsayinta. Duk na haƙura don ina da Juma'a. Yanzu ina gari ɗaya da mijina, amma a waya nake jin sa. To wayar ai akwai ta a Kumasi.”

Ba faɗa take yi ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Da ihu ta yi, da ya san yadda zai lallashe ta. Muryar mai gajiya ce, wadda ta riga ta fara ninke kaya a zuciyarta.

“Ki ba ni mako ɗaya.”

“Mako ɗaya ne dama. Ba ni na ba ka ba, su suka ba ni.”

Tun daga bakin teku har Nu'aija bai ji abin da rediyo ke faɗa ba. La'asar sakaliya suka iso. Layin gidan siriri ne, dole da baya ake shiga get. A cikin harabar, daga dama, akwai bishiyar lemon tsami da Mama ta dasa da hannunta a wani babban tulun siminti, shekarar da aka haifi jikanta na fari. Nawaf ya fito yana ɗaga hannu. “Hagu! Hagu kaɗan! Yalla, taho!”

Gariba ya leƙa madubi. Doguwar farar katanga. Zuciyarsa na Mu'aither, ba wanda ya tsaya ya raɗa wa hannu komai. Hannun ya sauka ƙasan sitiyari kamar mai komawa gida, ya tura hagu, da tabbaci, yadda Masta Ɗalhatu ya koya masa. Bayan motar ya yi dama.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan ƙum, sannan tartsatsin fitila, sannan tulun ya rabe biyu a hankali, bishiyar ta kwanta a kan tayil, lemo na gangarawa har ƙarƙashin taya. A bayan labule aka yi salati.

“Na ce hagu!” Nawaf ya buga tafin hannu a jikin ƙofa. “Hagu, ya Gariba! Ga talabijin a gabanka! Kai ne fa mai shigar da karafan ta ƙofar allura!”

Gariba ya kashe inji, ya sauko, ya tsuguna ya fara tsintar lemo yana zubawa a hularsa, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Shekara goma sha bakwai bai taɓa goge wa motar gidan ko fenti ba.

Washegari bayan azahar aka kira shi majalisa. Baba na zaune ya miƙe ƙafa kan matashi, Nawaf na tsaye da waya a hannu. Nawaf ya riga ya gama shawara: akwai Sadick, wani ɗan Zongo daga Nima ta Accra da ke tuƙa babbar motar kamfaninsu, mai ƙuruciya da kaifin ido, shi zai karɓi motahom. Baba ya ɗaga hannu, ɗan ya yi shiru.

“Zauna, Gariba. Fitila ce, an gyara. Bishiya ce, an sake mata tulu, ba ta mutu ba. Mutum ba ya zubar da shekara goma sha bakwai saboda kuskuren yini ɗaya. Ka ɗauki motar nan mako guda, ka je fili, ka yi ta ribas har hannunka ya saba. Kujerar taka ce. Ni ban saba zama gefen wani ba.”

Gariba ya san gaskiya ce. Kwana uku a fili sun ishe shi. Hannun da ya koyi wutsiya zai iya koyon rashin ta. Kuma kujerar nan ba ƙaramin abu ba ce a wajensa. A nan ya ji labarin zamanin da mahaifin Baba ke nitso neman lu'ulu'u, a nan aka yi masa ta'aziyyar uwarsa, a nan ake miƙo masa dabino ba tare da an dube shi ba, kamar ɗan gida. A masallacin Mu'aither ma da wannan kujera ake gaishe shi. Tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa cewa “ba zan iya ba.” Bai ma tabbata ya san yadda ake faɗar ta da Larabci ba.

Ya dubi hannunsa a kan gwiwa.

“Baba, hannun nan ya tsufa. Ba zai koya ba.”

“Zai koya.”

“Ba zai koya ba, Baba. Wutsiya ya sani. Ka ba Sadick kunkurun.” Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi sauri ya gyara. “Motar, nake nufi. Ni ka ba ni tsohuwar, in ɗaura mata ƙaramar tirelar kaya, in biyo ku a baya da itace da darduma da kujeru. In an isa in kwance. Ranar Juma'a maza su je masallaci a cikinta, Mama ta zauna a gidanta. In akwai aike, in je.”

Nawaf ya yi dariya. “Mota biyu don tafiya ɗaya? To me ya sa na sayi wannan? Kuma aiken me, bayan komai na ciki?”

Baba bai dubi ɗansa ba. Gariba yake kallo, ya daɗe yana kallonsa, carbi ya tsaya a hannunsa. Daga can ƙofar cikin gida, wadda ashe ba a rufe take sosai ba, muryar Mama ta fito.

“Ƙanƙarar firijin nan warin roba take yi. Ni ba na shan ta.”

Baba ya sauke numfashi, ya ci gaba da jan carbi. “Ka ji,” ya ce wa Nawaf. Sannan ya juyo wajen Gariba. “Ka san in ka koma baya, ka koma ke nan. Ba zan ɗaga yaron mutane daga kujera bayan na zaunar da shi ba.”

“Na sani, Baba.”

“Zain. Khalas.”

Ranar Alhamis Sadick ya zo da sabon gilashin rana, ya hau can sama, ya leƙo ta taga yana kallon Gariba na ɗaure itace. “Siniya! Wai da gaske ne bishiya ce ta tare ka? A masallaci an ce ita ta yi ribas, kai kana tsaye.”

“Ka kula da birki a gangara, tana da nauyi. Kuma kada ka canza wa Baba tasha, labarai yake ji.”

“Yoo, Siniya. Ka biyo mu a hankali, kada ka ɓata. In ka ga lemo a hanya, ka yi hon.”

Gariba ya bi su a baya har Silayin, yana shaƙar hayaƙinsu, kujerar gefensa babu kowa sai buhun gawayi. Sau biyu ya buɗe baki zai nuna wa Baba wani sabon gini, sannan ya tuna. Da suka isa ya yi ribas da 'yar tirelar, wadda ko ɗan koyo zai iya, ba wanda ya ajiye shayinsa ya kalla. Ya murɗa ƙafar ƙarfe, ya zare sarƙa, ya ɗaga marufi. Ƙwas. Ƙarar ta fi ta da ƙanƙanta, amma ita ce.

Juma'a da hantsi ya kai Baba da Sadick masallacin da ke kusa, ya jira aka idar, ya mayar da su, don haka sai wajen ƙarfe ɗaya saura ya samu kansa. Mama ta miƙo takarda ta taga. Abu uku ne kawai, na ukun busasshen lemon tsami. Baba na ƙarƙashin rumfa da kofin gahawa. Bai ɗago kai ba.

“Kada ƙanƙara ta narke.”

Bai samu sallar Mu'aither ba, kuma ba zai ƙara samu ba. Lokacin biyawa ya ɗauke ta ma babu, sai ta biyo bas da jirgin ƙasa. Biyu ta kusa lokacin da ya hango ta a bencinsu na Corniche, ta cire takalmi tana murza ƙafa, kula a gefenta. Awa uku da suka saba ta koma ɗaya da 'yan mintuna.

“Sannu, direban itace,” in ji ta. “Labari ya riga ka zuwa. Matar yayan Sadick a ɗakinmu take.”

Ya zauna. Ta buɗe kula, ta miƙa masa cokali. Abincin ya huce. Suka ci suna kallon jiragen katako na ɗan rausaya a igiyoyinsu, wani Bahindiye na wanke bakin ɗaya da bokiti.

“Maigida, tsakaninka da Allah. Da gangan ka bugi bishiyar?”

“Wallahi a'a. Hannu ne.”

“To maganar da ka yi a majalisa fa, cewa ba za ka iya koya ba?”

Ya tauna, ya haɗiye. “Wannan baki ne.”

Ta dube shi ta gefen ido, ta kama hannun nasa na dama, ta juya shi kamar mai duba kaya a kasuwa, ta ajiye kusa da nata, wanda fatarsa ta tsattsage har tsakanin yatsu.

“Shekara ɗaya zan sa,” ta ce. “Ba biyu ba. Na faɗa wa shugabarmu jiya, ta ce za ta gyara takardar. In ta cika, ni na tafi wajen 'yata, ko da kai ko ba kai. Ka ji ni koraa?”

“Na ji.”

“Ka fara tunanin abin da za ka ja a Kumasi.”

Ya ce zai yi. Ya jingina da bencin, rana ta sanyi na dukan fuskarsa, iska na zuwa da warin gishiri da man jirgi. Yana so ya ba ta labarin kujerar da babu kowa, da yadda Baba ya kalle shi, amma idonsa ya yi nauyi. Ta ci gaba da magana a kan takalmin makarantar Nusrat da ya matse, muryar na nisa tana dawowa. Can ta lura ya daina amsawa. Ta rufe kula a hankali don kada murfin ya yi ƙara, ta ciro wayarta ta duba lokaci. Saura minti arba'in kafin uku, ga lemon tsami bai saya ba, ga ƙanƙara. Ta ajiye wayar a cinyarta inda za ta riƙa gani, ta gyara kafaɗa don kansa ya samu wurin zama.